Tambaya da Amsa: Wai wane "ido" ne ke cikin DVD?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Tun da hunturu ya shigo DVD ɗin gidanmu ke ta rubuta NO DISC alhali faifan na ciki, na kai wa mai gyara a Dilimi yace wai ido ne ya mutu sai an canja. Ni dai na zata allura ce ke karanta faifan kamar na garmaho.
Mai karatu daga Anguwan Rogo, Jos

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Babu allura sam, babu ma abin da ke taɓa faifan, haske ne ke karatun. Jikin faifan nan da kake gani sumul yana ƙyalli cike yake da 'yan ramuka da ido baya gani, a jere kan layi ɗaya da ya nannaɗe daga tsakiya zuwa baki, a faifan CD tsawon layin ya haura kilomita 5.

Wata 'yar fitila da ake kira leza ce ke harba siririn haske, ya bi ta wani ɗan gilashi mai kusurwa da ake kira firizim, sannan wani ɗan gilashin da ake kira lens ya tattara shi ya zama ɗigo a kan layin. Hasken na dukan faifan sai ya dawo ta hanyar da ya zo, toh anan firizim ɗin ke aikinsa, shi ke karkatar da mai dawowa zuwa wata 'yar na'ura mai jin haske kar ya koma cikin leza. A wajen rami hasken kan dawo da rauni, a fili kuma da ƙarfi, wannan sauyin ake mayarwa 0 da 1, su zama hoto da murya. Wallahi har yau abin na burge ni.

CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 hasken lezarsa nanomita 780 ne (ma'aunin tsawon zangon haske kenan), na DVD kuma ja ne mai 650, ɗigonsa ya fi siranta har yana karanta ramuka ƙanana da suka fi cunkushewa, shi yasa faifan DVD yake cin bayanai har gigabait 4.7.

Lens ɗin nan shine idon da mai gyaranka ke nufi, kuma ƙurar hunturun Jos kaɗai ta isa ta rufe shi. Kafin ka biya kuɗin sabo ka ce ya fara goge shi a hankali da auduga da ɗan sifirit, sau da yawa shikenan ya tashi. Faifan kuma a goge daga tsakiya zuwa baki, banda zagaye. Don Allah kar ka leƙa cikin idon in na'urar na kunne, yara ma a hana su.