Amsa: Ba mai karɓar tallafin gwamnati hayar gida a Ingila

Ɗan'uwa, ka ce kana da ɗan gida a Bradford, wata mata mai yara biyu da ke karɓar tallafin gwamnati na Universal Credit tana son haya, kana tsoron kuɗinka su maƙale.

Abin da za ka fara dubawa shi ne adadin Local Housing Allowance na yankinka, wato iyakar kuɗin haya da gwamnati ke biya wa mai karɓar tallafi. Gwamnati ba ta biyan fiye da wannan adadi, ko nawa ka yanka wa gidanka. Tun 2011 ma'auninta shi ne hayar gidaje mafi araha, kashi 30 cikin 100 na yankin, kuma ba kowace shekara ake ɗaga shi ba: an daskarar da shi daga 2020 har Afrilun 2024. In hayarka ta ɗara wannan adadi, cikon daga aljihun matar zai fito, kuma a nan bashi yake fara taruwa.

Kuɗin kuma hannunta suke shiga, ba naka ba. Sabon mai nema yakan jira kusan mako biyar kafin biyan farko, don haka in yanzu ta fara nema, watan farko sai haƙuri. In bashin ya kai na wata biyu, kana iya neman ma'aikatar DWP, mai biyan tallafin, ta riƙa turo maka kai tsaye.

Kada dai ka kuskura ka rubuta a talla cewa ba ka karɓar masu tallafi. Wata kotu a York ta yanke a 2020 cewa wannan wariya ce da ta saɓa wa doka.

Ni a wurinka, zan zauna da ita mu lissafa cikon a takarda. In bai fi ƙarfinta ba, in ba ta makulli. Mai yara a makaranta ba ta cika son tashi ba.