Ampul ɗaya ya ƙone, me ya hana sauran mutuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a kwaleji nan Damagaram, bana zan zauna jarrabawar BEPC. A aji mun haɗa ampul biyu da pil ɗaya, da muka kwance ampul guda sai ɗayan ma ya mutu. Amma a gidanmu ampul ɗin zaure ya ƙone tun makon jiya, na ɗaki kuwa yana ci abinsa. Ba kuran ɗaya ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Kuran ɗaya ne, haɗin ne ba ɗaya ba.

Kuran ba ya gudu sai hanyarsa ta zagayo ta rufe: ya fita daga kan pil ɗaya, ya bi waya, ya ratsa ampul, ya komo ta ɗaya kan. Ko ina aka yanke zagayen, ya tsaya cak. Aikin makunnin da ke bangon ɗakinku ke nan, yanke hanya da haɗa ta.

A aji kun jera ampul biyun kan hanya guda, abin da littafinku ke kira haɗin seri. Kamar lungun nan ne na cikin Birni da ba ya ɗaukar amalanke biyu: jaki ɗaya ya kwanta, na baya ma ya tsaya. Kin kwance ampul ɗaya, kin yanke hanyar kowa.

Na san ma kin ga wani abu da ba ki faɗa ba. Ampul biyun nan haskensu dishi-dishi yake, ja-ja, bai kai na ampul ɗaya ba. Dalilin yana cikin dokar da wani Bajamushe, Georg Ohm, ya fitar a 1827: U = R × I. U shi ne ƙarfin tura kuran, ana auna shi da volt. I yawan kuran da ke wucewa, da ampe. R kuma turjiyar da abu ke yi wa kuran, da om. Ɗauki pil ɗin nan mai faɗi na volt 4,5 (ƙananan pil uku ne na volt 1,5 aka jera a cikinsa, shi ma seri ke nan). In ampul ɗinki om 15 ne, 4,5 a raba da 15, ampe 0,3 ke wucewa. Jera biyu, turjiya ta zama om 30, kuran ya faɗi zuwa kamar ampe 0,15, kowane ampul ya samu rabin volt ɗin. Na ce "kamar" don zaren ampul turjiyarsa na ƙaruwa in ya yi zafi, amma a jarrabawa lissafin nan ake nema.

A gida kuwa haɗin paralel ake yi. Kowane ampul, panka da firij yana da reshensa da ya taso daga wayoyi biyun da suka shigo daga kwantar (na'urar ƙirga kuran ɗin gida), kowanne na samun cikakken volt 220. Reshen zaure ya katse, na ɗaki ba ruwansa.

Sai dai a paralel kuran na rassan haɗuwa yake yi a babbar waya. Ampul na wat 10 bai kai ampe 0,05 ba, amma dutsen guga mai wat 2000 yana jan kusan ampe 9 shi kaɗai. Shi ya sa in aka cusa guga da hita da firij a rallonji guda, wayar ke ɗaukar zafi har ki ji warin roba, ko dijanta (makunnin tsaro mai yanke kuran da kansa) ya faɗi gida ya yi duhu.

In za ki gwada paralel ɗin, ki yi da pil kawai, kada ki kusanci na bango. Ki ba kowane ampul wayoyinsa biyu zuwa kan pil, ki kwance ɗaya ki gani. Ki lura kuma pil ɗin zai fi saurin ƙarewa, don ampe 0,6 yake bayarwa yanzu.