Ciwon ɓarin kai da haɗin ƙwayoyin kasuwa

Wata 'yar'uwa daga Agege a Legas ta rubuto cewa wata huɗu ke nan kanta na sara ta gefe ɗaya, ga tashin zuciya, ba ta son haske ko hayaniya. Maƙwabciyarta ta ce ta je a yi mata hoton ƙwaƙwalwa, ita kuwa kuɗin adashenta kaɗai gare ta, kuma tana tsoron ko ƙari ne.

Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Abin da kika kwatanta ya yi kama da ciwon ɓarin kai, kuma likita daga bakin mai ciwo yake gane shi, galibi ba sai an yi hoto ba. Ki adana adashenki. Ki sayi ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da ciwon ya zo, awa nawa ya yi, me kika sha, kina al'ada ko a'a, ki kai asibitin unguwarku. Idan kai na ciwo kwana 15 ko fiye a wata, har aka wuce wata 3, kuma aƙalla kwana 8 daga ciki da irin waɗannan alamu, ciwon ya zama mai naci. Akwai maganin rigakafi da ake sha kullum, irin su propranolol da amitriptyline, amma likita ne zai zaɓa, don mai asma ba a ba shi propranolol, mai ciki kuma sai an yi hattara. Ki ba maganin wata 2 zuwa 3 kafin ki ce bai yi ba. In da buƙata, likitocin asibitin unguwar za su tura ki babban asibitin koyarwa, LASUTH a Ikeja ko LUTH a Idi-Araba.

Ciwon da ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba ki taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu, wannan ba a kwana da shi a gida.

Wani mai sayar da tumatir a Mile 12 yana tambaya wane haɗin ƙwayoyin ciwon kai ya fi ƙarfi, don wanda yake saya kullum wajen mai tallar magani ya daina yi masa aiki.

Malam, haɗin ne ke ci maka kai. Mai shan paracetamol ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata, maganin da kansa ke dawo masa da ciwon. Ƙwayoyin da aka gauraya da kafeyin, da su tramadol da kodin, kwana 10 ma sun isa. Ka sha da safe, ya lafa, gobe ya dawo, ka ƙara saya. Abin da ke ƙona mini rai shi ne mutum zai tsaya ya taya kwandon tumatir, ya juya shi ya duba na ƙasa, amma a miƙo masa ƙwaya biyar a ƙullin leda, ba kwali, ba suna, ba ranar lalacewa, sun sha ranar Legas a faranti, ya watsa a baki bai tambaya ba. Sau da yawa akwai diclofenac da ibuprofen tare a ciki, ga gyambon ciki, ga wahalar ƙoda. Lissafa abin da kake kashewa a wata, ya isa ka yanki kati ka ga likita. Ka je a tsara maka yadda za ka daina. Makon farko ko na biyu ciwon kan ƙaru kafin ya sauka, kada wannan ya mayar da kai wajen mai talla. Duk maganin da aka rubuta maka, ka saya a kantin magani mai rajista, a kwalinsa, da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.

Mai tambaya daga Obalende ko ya sayi munduwar maganaɗisu da ya gani ana talla a Facebook: a'a. Ka sayi ruwan sha da kuɗin, ka daina wuni ba ka karya ba.

Wata Hajiya daga Idi-Araba ta ce ita da yara duk suna tashi da ciwon kai da jiri idan an kwana da janareto a baranda. Hajiya, wannan hayaƙi ne, kuma yana kisa cikin barci. Yau ɗin nan a fitar da janareton fili, nesa da ƙofa da taga, a kai yaran asibiti a duba su.