Me ya sa waƙa ke fashewa a 'yar MP3 ɗina idan na ƙure murya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi ƙaramar MP3 mai cin memori, na kai wa masu tura waƙoƙi suka cika min ita. Da na ƙure murya sai kiɗan ya riƙa fashewa, musamman wajen ganga. Wasu waƙoƙin kuma ko a hankali nake ji, kamar a cikin ruwa aka rera su. Mai shagon ya ce in kawo ya mayar min da su kilobit 320. Hakan zai gyara? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka ba shi kuɗinka tukuna. Cuta biyu ka lissafa, kuma maganin da ya faɗa ba ya warkar da ko ɗaya.

Mu fara da mai kama da ruwa, don ita ce ta fayil. Waƙar da ke kan faifan CD tana cin kilobit 1,411 a daƙiƙa, wato kusan megabait 10 a minti ɗaya. Masana a cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, su ne jagororin tsarin MP3, wanda ya samu sunan nan a 1995. Dabararsu ita ce zubar da abin da kunne ba zai lura da shi ba. Idan babbar mota na wucewa ba ka jin raɗar wanda ke gefenka, to haka sauti mai ƙarfi ke danne ƙarami, sai manhajar da ke matse waƙar zuwa MP3 ta yar da ƙaramin. A kilobit 128 minti ɗaya yana komawa kamar megabait 1, kuma yawancin mutane ba sa damuwa. Amma in aka matse zuwa 64 ko ƙasa, zubarwar ta kai ga abin da ake ji. Saurari tafi, ko kacau-kacau, ko harafin "s" a bakin mawaƙi: su ke fara narkewa, su riƙa wani sheshe kamar ana kaɗa ruwa a kwalba. Bugun kalangu ma yakan rasa kaifinsa.

Abin da ya fi ɓata waƙoƙin da ke yawo a wayoyinmu shi ne matsi a kan matsi. An ciro sautin daga bidiyon YouTube, wanda dama matsattse ne, an mayar da shi MP3, wani ya sake rage shi don memori ta ɗauki waƙa dubu. Kowane zagaye sai an ƙara zubar da wani abu. Turawa ta Xender ba ta rage komai, kwafi ne kawai. Sake matse fayil ɗin ne ke ɓarna. Shi ya sa mayar da 64 zuwa 320 aikin banza ne. Fayil zai kumbura har ninki biyar, abin da aka zubar kuma ya tafi ke nan. (Ban ce mai shagon macuci ne ba, da yawansu sun yarda da abin da gaske.) Mafita ita ce neman kwafin asali: MP3 na 192 zuwa sama, ko AAC, wani tsarin fayil na sauti wanda ya fi MP3 kyau a ƙaramin girma. Tsarin fayil na FLAC ba ya zubar da komai, amma da iyafis ɗin kasuwa a cikin hayaniyar tasha, ni ban ga ribar cika memori da shi ba.

Fashewar kuwa ta na'ura ce. A cikin MP3 ɗinka akwai ɗan ƙaramin amfilifaya, wato abin da ke ƙara ƙarfin sauti, da ke jan wuta daga batir, kuma yana da iyakar da ba ya wucewa. Bes, wato sauti mai kauri irin na ganga, ya fi komai cin wuta. Idan ganga ta buƙaci fiye da abin da zai iya bayarwa, sai ya datse kan sautin, datsewar nan ce kake ji tana ƙarzar kunne. A na'urori masu araha abin yana ƙaruwa idan caji ya yi ƙasa. Ikwalaiza, wato wurin saita kaurin sauti da kaifinsa, ma na da laifi: duk wanda ya zaɓi "Bass" ko "Rock" ya ƙara wa amfilifayar kaya. Ga kuma situdiyo da yawa da ke fitar da waƙa a ƙure tun daga tushe don ta fi ta wasu ƙara, ba su bar mata sarari ko kaɗan ba.

Gwajin ba shi da wuya. Cika caji, kashe ikwalaiza, rage murya zuwa rabi. In fashewar ta ɓace, na'urar ce ko iyafis. Sauya iyafis ka sake ƙurewa. In ta ɓace da sabon, tsohon ne ya gaji. In kuwa tana nan ko a hankali, kuma a daidai wuri ɗaya na waƙar kullum, sa memorin a wayar wani ka ji. Idan can ma haka ne, a jikin fayil take.

Ƙaraf-ƙaraf da ke tashi idan ka taɓa wayar iyafis daban ne: datti ne a ramin iyafis ko wayar ta fara tsinkewa daga ciki, galibi a gindin filogi. Waƙar da ke tsalle ko tsayawa cak kuma, ka tuhumi memorin, don jabu sun yi yawa a kasuwa, an rubuta 32GB alhali cikinta bai kai haka ba. Kwashe waƙoƙin zuwa wata memori ka gwada kafin ka zargi na'urar.