Zangon haske da kalmar ja: amsa ga mai haɗa fitila

Wani mai gyaran rediyo da wayar salula daga Zariya ya aiko da tambaya. Yana son ya haɗa fitilar LED, wato ɗan ƙaramin ƙwan lantarki, mai ba da jan haske zalla, irin wanda ake rubuta wa lamba 660 a jikin kwali, kuma yana son ya koya wa yaran shagonsa aikin da Hausa. Ya ce: "Malam, me zan kira wannan awo, kuma kalmar ja kaɗai ta wadatar?"

Malam, kalmar da kake nema ta daɗe a kunnenka, domin duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo ya ji ana sanar da shiri a gajeren zango, a kan mita kaza. Asalin zango shi ne masaukin fatake, inda ayari ke sauke kaya ya kwana, daga nan ma'anar ta faɗaɗa har ta kai ga tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki, kuma dalilin ke nan da ya sa ake kiran unguwannin baƙi a Kumasi da suna zango. Ma'aikatan rediyo da suka ari kalmar sun yi dace, domin saƙon rediyo da haske dangi ɗaya ne, duka suna tafiya kamar igiyar ruwa, kuma tazarar da ke tsakanin tudun igiya da na gabansa ita ce tsawon zango. Na rediyo da mita ake auna shi, na haske kuwa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita, kuma idon ɗan Adam yana ganin abin da ya kama daga wajen nanomita 400 zuwa 700. Lambar 660 da ke jikin kwalin wannan awon ce.

Kalmar ja kuwa ba za ta wadatar ba, saboda faɗinta. Bahaushe yana cewa jan ƙarfe, jar ƙasa, manja, har ma jan mutum, alhali babu biyu daga cikinsu da launinsu ya zo ɗaya. Ko an ƙara amsa-kama an ce ja wur, tsananin launin aka bayyana, ba a auna komai ba. Ƙwan da ke ba da 630 ja ne, mai 660 ma ja ne, sai dai na biyun ya fi duhu a ido. Shawarata ita ce ka koya wa yaran su riƙa cewa ja mai zango 660, haka nan rawaya mai 590, kore mai 525, shuɗi mai 470.

Mai tambayar ya ƙara da cewa wani abokin sana'arsa ya ba shi shawarar ya naɗe farin ƙwai da jar leda ya huta, wani dattijo da ke wurin kuma ya ce "kama da wane ba ta wane", yana son sanin ko karin maganar ta dace. Ta dace ƙwarai. Wane kalma ce da ake sakaya sunan mutum da ita, kuma manufar karin maganar ita ce kamanni ba ya mayar da abu ya zama ainihin wanda ya yi kama da shi. Launin LED daga ma'adinin da ke cikinsa yake fitowa, robar da ta rufe shi sutura ce kawai. Nick Holonyak ya ƙera ja a Amurka a 1962, amma shuɗi mai ƙarfi bai samu ba sai a farkon shekarun 1990, aikin da ya sa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka sami kyautar Nobel a 2014. Yawancin fararen ƙwayayen da ke kasuwa shuɗɗa ne da aka shafe da wani gari mai mayar da sashen hasken rawaya, saboda haka jan da ke cikinsu kaɗan ne, kuma leda tana tare sauran launuka ne kawai, ta bar ka da haske dishi-dishi mai gauraye zango.

Sai ka sayi ƙwan da aka rubuta wa zangon da kake so. Idan da cajar waya mai bolt 5 za ka kunna shi, ƙaramin jan ƙwai yana cin kimanin bolt 2 da miliamfa 20, don haka ka sa masa resisto, wato ɗan abin da ke rage wutar da ke ratsa ƙwan, mai om 150 don kada ya ƙone, ka haɗa doguwar ƙafarsa da wayar da ke da alamar tarawa, gajeriyar kuma da mai alamar ragewa, sannan ka liƙe da dalma.