Shin jirgi na iya sauka lafiya idan hasumiya a rufe take?

Malam, ka tambaya ko matuƙin jirgi zai iya sauka lafiya a ƙaramin fili mai yawan zirga-zirga bayan an rufe hasumiyar da ke ba jirage umarni. Zai iya, sai dai nauyin raba jirgi da jirgi ya koma kacokan wuyan matuƙa. Kowannensu zai riƙa faɗin inda yake a tashar rediyo guda tun yana nisan kamar mil 10, ya shiga zagayen sauka, wato kewayen da jirage ke yi a saman fili kafin su sauka, galibi ta hagu, a tsayin kusan ƙafa 1,000, idonsa kuma yana waje. Filaye da yawa a Amurka haka suke aiki, amma a 2013 da FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, ta shirya rufe hasumiyoyi 149 saboda ƙarancin kuɗi, sai da Majalisar Dokoki ta sa baki aka fasa.

Sharaɗin shi ne ganin hanya, kuma nan ne hankalina ba ya kwanciya. Tsarin duka ya dogara ga matuƙi ya hango ɗan'uwansa, alhali mu a Kebbi mun san hazon Janairu da ke mayar da rana kamar farin faifai. Na taɓa tsayawa gefen wani ƙaramin fili ina jin ƙugin jirgi a kaina, amma ban ga fitilarsa ba sai da ya kusa taɓa kwalta. A irin wannan rana, ko lokacin jigilar alhazai da jirage ke taruwa, rufe hasumiya ganganci ne a ganina.