Abin da makin masu sharhi ba ya iya aunawa a wasannin dabarun yaƙi

Habibu, ka tambaye ni dalilin da ya sa na ɗora ka a kan manhajar zana filin daga, alhali masu sharhi ba su cika kula ta ba idan za su ba wasan kwamfuta maki. Tambayarka tana kan hanya, kuma amsarta ita ce lokaci. Mai sharhi yana karɓar wasa gab da fitowarsa, ya buga shi na ɗan lokaci, ya duba kyawun hoto da labari da ƙarfin abokan gaba na kwamfuta, sannan ya yanke hukunci. A wasan dabarun yaƙi irin namu, inda kowa ke tara dukiya da gina sansani da tura runduna a lokaci guda ba tare da jiran juna ba, abin da 'yan wasa za su ƙera da hannunsu bai ma wanzu ba a ranar da ake rubuta makin.

Dubi Warcraft III da kamfanin Blizzard ya fitar a 2002 tare da World Editor, manhajarsa ta zana taswirar filin daga. Daga wannan manhaja wani ɗan wasa ya gina taswirar Defense of the Ancients a 2003, yana bin sawun wata tsohuwar taswirar StarCraft mai suna Aeon of Strife, wasu kuma suka karɓa suka ci gaba da gyara ta shekara da shekaru. Daga wannan taswira ne sabon wasa League of Legends ya samo asali ya fito a 2009, Dota 2 kuma a 2013. Babu mai sharhin da zai iya saka wannan a lissafinsa a 2002. Haka ma Age of Empires II na 1999, wanda ƙarin da masoyansa suka yi masa, Forgotten Empires, ya zama na hukuma a 2013.

Sai dai ka rarrabe iri biyu na zaɓin da ake ba ɗan wasa, domin a nan ne masu koyo suke ruɗewa. Akwai zaɓin ado, kamar yadda Dawn of War na 2004 ya bar mutum ya fenta rundunarsa da launin da yake so. Ban raina shi ba, yana sa mutum ya ji sojojin nasa ne, amma ba ya sauya komai a fagen fama. Wanda ke ƙara wa wasa zurfi shi ne zaɓin da ke da farashi. A Warzone 2100 na 1999, ɗan wasa ne ke haɗa tankarsa daga gangar jiki da makami da abin tafiya, ta yadda idan ya zaɓi sulke mai kauri da sarƙa ya rasa gudu, idan kuma ya zaɓi taya ya sami sauri da arha amma ya zama mai saurin fashewa. A Age of Empires III mutum yana shirya katunan agajin da babban birninsa zai aiko masa tun kafin a fara, kuma da yake gurbi 25 ne kawai, duk katin da ya ɗauka ya bar wani. Tun da aka saka Hausawa cikin wasan a 2021, da Kano a matsayin babban birni, kana iya ganin mutum biyu sun ɗauki al'umma ɗaya, ɗaya ya dogara da dawakai, ɗaya da tattalin arziki, kuma wasansu ya bambanta gaba ɗaya.

Wahalar aikin tana wajen daidaito. Idan haɗi ɗaya ya fi sauran ta kowace fuska, 'yan wasa za su gano shi cikin mako guda, sauran zaɓin kuma su zama ado kawai. Akwai kuma batun amana: lokacin da Warcraft III: Reforged ya fito a 2020 da sharaɗin cewa taswirorin da mutane suka ƙirƙira mallakar kamfani ne, masu zana taswira da yawa sun ji an ci zarafinsu, kuma ina ganin suna da gaskiya.

Saboda haka, idan ka gama ɓangaren tuddai da koguna, ka ba wanda bai taɓa rubuta manhaja ba ya gwada zana fili da kansa, kai kuma ka zauna gefe ba tare da ka taimaka masa ba, kana rubuta duk inda ya tsaya yana neman maɓalli. Waɗannan wuraren za mu fara gyarawa kafin mu taɓa launin tutoci.